Da me ya fi dacewa a rufe gurbin ƙoƙon kai: ƙashin mutum, siminti, taitaniyam ko roba?

Tambaya: Likita, ƙanena ɗan shekara 26 ya yi hatsari wata huɗu da suka wuce, aka cire masa wani ɓangare na ƙoƙon kai ta gefen dama saboda kumburin ƙwaƙwalwa. Alhamdu lillahi ya farfaɗo, yana tafiya yana magana. Yanzu an ce lokacin rufe wurin ya yi. Ƙashinsa yana ajiye a firiza, amma an ce ya rabu gida uku. An ba mu zaɓi: a mayar da nasa, ko a sa simintin tiyata, ko ƙarfen taitaniyam, ko wata roba da ake kira PEEK. Wanne ya fi?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara masa lafiya, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Bari in fara gaya miki inda na karkata kafin in kawo dalili. Saurayi mai shekara 26, gurbi babba, ƙashi kuma ya rabu gida uku: a irin wannan hali hankalina bai cika kwanciya da mayar da ƙashinsa ba, na fi son abin da aka ƙera daidai da kansa daga hoton CT, wato hoton asibiti da ke nuna ƙashi da cikin kai. Tsakanin taitaniyam da PEEK da simintin da aka zuba a mazubi kuwa, bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma yawanci fatar kan mara lafiya ce take raba gardama. Ni ban ga fatar ƙanenki ba, ban taɓa ta ba. Likitan da ya yi masa aikin farko ya san ta ciki da waje, don haka abin da zan faɗa guzuri ne da za ki shiga ofishinsa da shi, shi ne mai yanke hukunci tare da ku.

Mutane da yawa suna ɗauka ana rufe wurin ne don kyan gani da kuma kariya daga bugu. Duka biyun gaskiya ne, amma akwai dalili na uku da ya fi damun likitoci. Ƙoƙon kai rufaffen gida ne, ƙwaƙwalwa da jininta da ruwan da take iyo a ciki duk sun saba da wannan rufin. Idan aka ɗauke wani ɓangare, kuma a irin aikin da aka yi wa ƙanenki gurbin yakan kai santimita 12 da 15, sai nauyin iskar waje ya riƙa danna fata a kan ƙwaƙwalwa. Bayan kumburi ya sace, wurin ya lotsa. Wasu sai su fara ciwon kai, jiri, nauyin tunani, ko hannu da ƙafar ɗaya gefen su ƙara rauni, abin ya fi tsanani idan suna zaune ko tsaye, ya lafa idan sun kwanta. Likitoci biyu a Amurka, Grant da Norcross, sun bayyana wannan matsala tun 1939. Da yawa daga cikin irin waɗannan marasa lafiya sukan warware cikin kwanaki ko makonni bayan an rufe wurin. Saboda haka duk abin da za a sa dole ya kasance mai tauri, ya dawo da gantsarewar kai yadda take, ya kuma zauna shekaru masu yawa ba tare da ya jawo rigima ba.

An daɗe ana neman wannan abu. An gwada zinare, an gwada azurfa. Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Holan, Job van Meekeren, ya ba da labari a littafinsa na 1668 cewa an toshe wa wani ɗan ƙasar Rasha gurbin kai da ƙashin kare. A Yaƙin Duniya na Biyu aka yi ta amfani da wani ƙarfe mai suna tantalam, a lokacin ne kuma simintin roba ya shigo. Taitaniyam ya zo a 1965, PEEK kuma a farkon shekarun 2000. Yawan abubuwan da aka bi ta kansu shi zai nuna miki cewa har yau kowanne tara yake, bai cika goma ba.

Mu fara da ƙashinsa, domin shi ne zuciyar kowa take fara kaiwa gare shi. Kuma da dalili: nasa ne, daga wurin aka yanke shi, girmansa da kaurinsa daidai suke, jiki ba zai ɗauke shi baƙo ba, ba a kuma biyan kuɗin ƙira. Shi ya sa har gobe shi ne zaɓin farko a asibitoci da yawa a duniya. Abin da ba a cika yi wa dangi bayani ba shi ne, ƙashin da ya yi wata huɗu a firiza ba rayayye ba ne. Tun ranar da aka raba shi da jijiyoyin jininsa ƙwayoyin da ke cikinsa suka fara mutuwa, sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri da ake ajiye shi a ciki yana hana shi ruɓewa ne kawai. Abin da ake mayarwa ƙwarangwal ne. Aiki ya rage wa jiki ya turo ƙananan jijiyoyin jini daga bakin ƙashi mai rai, daga fata ta sama, da kuma tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Tare da jinin sai ƙwayoyi iri biyu su shigo, masu cinye tsohon ƙashi da masu gina sabo. Idan suka tafi kafaɗa da kafaɗa, a hankali ƙashin zai koma mai rai ya haɗe da sauran kai, kuma babu wani abin ƙira da ya kai wannan sakamako kyau. Idan masu cin suka tsere wa masu ginin, ƙashin sai ya zaizaye.

Ga yadda abin yake zuwa mana. Mutum ya dawo bayan shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, ya ce yana jin wurin yana motsi, ko matarsa ta lura gefen ya fara faɗawa. Ka sa yatsa ka bi bakin aikin, sai ka ji rami inda da babu, wani lokaci har ka ji bugun jini a ƙarƙashin fata, ko kan wata ƙaramar kusa ya turo saboda ƙashin da ta kama ya tafi ya bar ta. A ɗauki hoton CT, sai ka ga ƙashin ya yi siriri, duk huji-huji, kamar katakon da gara ta ci. Babu zazzaɓi, babu mugunya, babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Jikin ne da kansa ya lashe shi. A nan sai sabuwar tiyata, a buɗe fatar karo na uku.

An san waɗanda abin ya fi samu. Ƙarancin shekaru na kan gaba: a yara, wasu rahotanni sun nuna zaizayewar ta kai kusan rabin waɗanda aka mayar wa ƙashinsu, matasa kuma sun fi dattawa fuskantar ta. Sai ƙashin da ya karye gida-gida, domin kowane tsagi sabon baki ne da za a fara ci daga nan, kuma guntayen ba sa zama daram ko an ɗaure su da faranti. Sai girman gurbi, sai wanda aka sa wa bututun janye ruwa daga ƙwaƙwalwa. Ƙashin da aka dafa a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta shi ma yana saurin lalacewa, zafin yana kashe sinadaran da ke jawo sabon gini. Ki ƙirga na ƙanenki: matashi ne, ƙashin gida uku, gurbin babba. Abu uku ke nan a kansa.

Akwai gwaji ɗaya da nake yawan tunawa da shi, domin yana cikin 'yan ƙalilan da aka yi da ƙuri'a, wato ba likita ne ya zaɓa wa kowa abin da za a sa masa ba. An yi shi a Ostireliya, aka wallafa a 2017, mutum 64, rabi aka mayar musu da ƙashinsu, rabi aka sa musu taitaniyam da aka ƙera daidai da kansu. Bayan shekara guda, cikin mutum 31 masu ƙashin kansu, 7 ƙashin ya zaizaye har aka ɗauki aikin a matsayin wanda ya lalace. A ɓangaren taitaniyam babu ko ɗaya da ya buƙaci a sake. Da aka haɗa lissafin kuɗi gaba ɗaya, har da na tiyatar da aka maimaita, ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin ɓangarorin biyu ba. Gwaji ne ƙarami, ba zai zama doka ga duniya ba, amma ya isa ya girgiza maganar nan ta cewa naka ya fi kome a kowane hali.

Wasu asibitocin ba sa ajiye ƙashin a firiza, sai su tsaga fatar ciki su ɓoye shi a ƙarƙashinta har ranar mayarwa. Dabara ce mai kyau inda ba a amince da wutar firizar ba, ko inda mara lafiya zai koma wani asibiti, tunda yana tafe da kayansa. Kuɗinta shi ne ƙarin rauni a ciki, kuma idan ya daɗe a can nan ma jiki yana fara cinsa. Binciken da aka tattara bai nuna ɗayan ya yi wa ɗayan fintinkau wajen kamuwa da ƙwayoyin cuta ba. Ana kuma iya ɗebo ƙashi daga haƙarƙari, ko ƙugu, ko a tsage ɓawon waje na wani sashen ƙoƙon kan, amma waɗannan na ƙananan gurabe ne, ba za su ishi na ƙanenki ba.

Simintin da aka ambata muku shi ake kira PMMA, dangin roba ne mai tauri, irin wanda ake kafa ƙarfen ƙugu da shi a tiyatar ƙashi. Yana zuwa gari da ruwa. A ɗakin tiyata ake kwaɓa shi, wari mai hawa kai ya cika ɗakin, cikin 'yan mintoci ya yi kauri har a iya murza shi da hannu. Likita ya shimfiɗa jiƙaƙƙen auduga a kan tantanin ƙwaƙwalwa, ya ɗora kwaɓin, ya riƙa lallaɓa shi da yatsu yana fitar da siffa, yana tsere da lokaci. Da ya fara daskarewa sai ya ɗau zafi, zafin da kan haura digiri 70, shi ya sa ake ta kwarara masa ruwan gishiri mai sanyi, ko a ɗage shi ya ƙarasa sandarewa a kan tebur. Daga nan a feƙe gefuna, a huda 'yan ramuka don ruwa ya samu hanyar fita, a ɗaure da ƙananan faranti da kusoshi.

Yana da araha idan aka kwatanta da sauran, ba shi da nauyi, ba ya ɓata hoton CT ko MRI (hoton da ake ɗauka da maganaɗisu), ana kuma iya gauraya maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su jentamaisin a cikin garinsa. Rauninsa biyu. Na farko, ba ya taɓa haɗewa da ƙashi, jiki yana nannaɗe shi ne da wani tantani ya bar shi nan, kuma bugu mai ƙarfi na iya tsaga shi. Na biyu ya fi shafar aikin hannu: mara lafiya yana kwance kai a juye, an lulluɓe shi da zannuwan tiyata, likita ba ya ganin ɗaya gefen balle ya auna. A ƙaramin gurbi wannan ba matsala ba ce. A gurbin da ya ɗauko daga goshi zuwa bayan kunne, da wuya hannu ya fitar da shi daidai da ɗan'uwansa, sai an kwance bandeji a ga gefe ɗaya ya baje ko ya yi tudu. Yanzu an samu mafita mai kyau. Ana ɗaukar hoton CT, kwamfuta ta kwafi gefen lafiya ta juya shi, a buga mazubi da firinta mai fitar da siffa, sannan a zuba simintin a ciki. Siffa ta fito daidai, zafin kuma ya ƙare a cikin mazubi nesa da ƙwaƙwalwa. A ganina wannan hanya ba ta samun yabon da ya kamace ta, wataƙila don babu kamfanin da ke cin riba mai yawa a kanta.

Taitaniyam iri biyu ne, kuma ya kamata ki tambaya wanne ake nufi. Akwai raga da likita ke yankawa ya lanƙwasa da hannu a lokacin aiki, akwai kuma faranti da aka ƙera tun kafin ranar daga hoton mara lafiya. Ragar hannu tana da sauri kuma tana samuwa, amma a babban gurbi tana da matsalar siffa irin ta siminti, gefunan da aka yanke kuma suna da kaifi. Ƙarfen kansa ba ya tsatsa, jiki yana jure shi sosai, yana da ƙarfi ko da siriri ne, taurinsa ya ninka na ƙashi fiye da sau biyar. Ga wanda ake tsoron zai sake faɗuwa, misali mai farfaɗiya, wannan ƙarfi abin so ne. Maganaɗisu ba ya jan sa, don haka ba ya hana shiga MRI, tambayar da kusan kowa yake yi. Sai dai yana jefa walƙiya a hoton CT ya dusashe abin da ke dab da shi. Wasu marasa lafiya kuma suna korafin wurin yana ɗaukar zafin rana ko sanyin iska, tunda ƙarfe ne.

Babban abin da nake tsoro a taitaniyam shi ne abin da yake yi wa fata marar kauri. Yawanci a saman ƙashi yake hawa, gefensa ya ɗan haura bakin gurbin. Shekara da shekaru fata tana gogar ƙarfe, tana sirancewa, har a fara ganin zanen ragar ta cikinta, wata rana kuma wani ɗan wuri ya ɓule ƙarfe ya leƙo. Da ya leƙo ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa. Wannan ya fi faruwa ga wanda aka yi wa gashin ciwon daji a kai, da tsofaffi, da wanda aka buɗe wa fatar sau da yawa. Cire raga ma aiki ne, domin nama yakan tsiro ta cikin ramukanta ya kama ta.

PEEK roba ce ta musamman, mai ruwan ƙasa-ƙasa, ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 340, saboda haka ana iya dafa ta a kashe ƙwayoyin cuta ba ta canja siffa ba. Ana sassaƙa ta daga hoton CT, ta zo da kauri irin na ƙashi, ta faɗa cikin gurbin ta zauna daidai da bakinsa. Ba ta ɗaukar zafi ko sanyi, ba ta da nauyi, taurinta ya fi kusa da na ƙashi fiye da na ƙarfe, idan ta ɗan yi yawa a wani gefe ana iya feƙe ta nan take. A hoto kuwa kamar ba ta nan, shi ya sa ake son ta ga wanda aka cire wa ƙari kuma za a yi ta bibiyarsa da hoto shekaru. Wajen kyan siffa tana cikin na gaba. Amma tana da tsada ƙwarai, sai an jira a ƙera a kawo, kuma ita ma ba ta haɗewa da ƙashi. Fuskarta sumul take, nama ba ya kama ta, shi ya sa ruwa yakan taru a samanta ko ƙarƙashinta a makonnin farko. Kusoshi ne kaɗai ke riƙe da ita har ƙarshen rayuwa.

Ba a ambata muku haidiroksi'afatait ba, amma za ki iya cin karo da shi. Shi ne ainihin ma'adinin da ke sa ƙashi tauri, ana gasa shi ya zama kamar tangaran mai ƙananan ramuka, ƙashin mutum ya riƙa tsirowa yana shiga ciki daga gefuna. Wannan haɗewa ita ce abin alfaharinsa, kuma ana ganin tana taimakawa wajen yaƙi da ƙwayoyin cuta. Wani ƙaramin gwaji da aka yi a Jamus, shi ma na 2017, ya nuna kamuwa da cuta ta fi ƙaranci a kansa fiye da taitaniyam, ko da yake adadin mutanen bai kai a yanke hukunci ba, kuma an fi samun taruwar jini a ƙarƙashinsa. Matsalarsa gautsi. A watannin farko, kafin ƙashi ya kama shi, faɗuwa ɗaya na iya fasa shi. Wanda yake zuwa a kwaɓe kuwa na toshe ƙananan ramuka ne, ba a ba da shawararsa ga gurbin da ya wuce murabba'in santimita 25. Akwai kuma wata roba mai ramuka da nama ke shiga cikinta, an fi amfani da ita a ƙananan wurare da gyaran siffa.

Za ki ga alƙaluma iri-iri a intanet, wannan ya ce PEEK ta fi ƙarancin matsala, wancan ya ce taitaniyam. Ki karanta su da taka-tsantsan. Mafi yawansu waiwaye ne a kan tsofaffin fayiloli, kuma marasa lafiyar ba iri ɗaya ba ne. Sau da yawa ana sa abin ƙira ne bayan ƙashin mutum ya riga ya ruɓe ko ya zaizaye, wato an ba shi kan da ya riga ya wahala, sannan a zo a lissafa masa laifi. Abu mai tsada kuma yakan faɗo a manyan asibitoci masu kayan aiki da ƙwararru, sai ya ci yabon da rabinsa na asibitin ne. Abin da duk suka yarda a kai shi ne, wannan tiyata da ake ganin mai sauƙi ce tana da yawan matsaloli fiye da yadda ake zato, kuma babu wani abu da ya tsira daga kamuwa da ƙwayoyin cuta.

A nan maganar fata ta shigo. Fatar da aka ɗaga a aikin farko an yanke mata hanyoyin jini da yawa, tana rayuwa ne da abin da ya saura, musamman jijiyar da ke hawowa ta gaban kunne. Wata da watanni tana kwance a cikin rami, ta takure, ta saba da gajeriyar hanya. Ranar da aka sa rufi mai gantsarewa, sai a nemi ta miƙe ta rufe fili mafi faɗi. Idan da ƙyar aka haɗa bakin ɗinkin, fatar ta yi fari saboda ja, to bayan kwana biyar ko mako sai gefen ya fara baƙi, ɗinki ya buɗe, kuma a ranar ba ruwan ƙwayar cuta da ko zinare ne a ƙasa. Yawanci ma ƙwayoyin fatar mutum ne da kansa, irin su stafilokokus. Da sun sauka a kan abin da ba shi da jini, ko ƙarfe ko roba ko mataccen ƙashi, sai su shimfiɗa wata yauƙi su ɓuya a ciki, magani ba ya kai musu. Ƙarshenta sai a cire kome, a sha magani makonni, a zauna da gurbi a buɗe wata shida ko fiye kafin a sake gwadawa. Shi ya sa likita mai lura yakan sa a rage gantsarewar abin da za a ƙera idan ya ga fata ta yi kaɗan, ko ya kira likitan gyaran fata su yi aikin tare, ko a fara sa wata jaka a ƙarƙashin fata ana hura ta da ruwa a hankali har ta buɗe. Fata mai kauri da jini za ta ɗauki kowanne daga cikin huɗun. Idan siririya ce mai tabo da yawa, ni nakan guji ragar ƙarfe. Idan yana shan taba, ya daina tun yanzu, idan akwai ciwon suga a daidaita shi, ya kuma samu abinci mai gina jiki. Waɗannan suna tasiri a kan ɗinki fiye da sunan abin da aka saya.

Abu biyu kuma ki bincika game da aikin farko. Shin raunin a buɗe yake lokacin hatsarin, ƙasa ko gashi sun shiga? Shin wurin ya taɓa yin mugunya bayan tiyata? Idan amsar ɗayansu e ce, maganar mayar da ƙashinsa ta ƙara rauni sosai. Haka nan idan gurbin ya taɓa kogon iska da ke cikin ƙashin goshi, wanda yake haɗe da hanci, dole a toshe shi da kyau kafin a ɗora kowane irin rufi.

Akwai abin da nake so ku sani tun yanzu don kada ranku ya ɓaci daga baya. Ko da an sa mafi kyawun abu, sau da yawa gefen goshi, sama da ƙashin kunci, yakan ɗan faɗa. Wannan daga tsokar tauna ne, wadda aka ɓamɓare a aikin farko ta kuma tsuke. Masu ƙira suna iya ƙara tudu a wurin don cike ramin, don haka a faɗa musu tun ana zana shi a kwamfuta.

Lissafin yana canjawa da mutum. Da yaro ne ɗan shekara huɗu, kansa yana kan girma, da mun fi neman ƙashi mai rai ko abin da zai haɗe da ƙashi, duk da haɗarin zaizayewa, domin ƙarfe da roba ba sa girma tare da shi. Da dattijo ne mai shekara 60 da aka buɗe wa kai saboda shanyewar ɓarin jiki, ƙashinsa guda ɗaya lafiyayye, da na ce a mayar masa da abinsa ba tare da dogon tunani ba.

Game da kuɗi da lokaci, wata huɗu lokaci ne mai kyau, tunda kumburi ya sauka kuma rauni ya warke. Idan abin ƙira yana samuwa cikin 'yan makonni kuma kuna da hali, ku jira shi, yana sanye da hular kwano duk lokacin da zai tashi tsaye. Idan kuwa neman PEEK zai sa ku yi wata takwas kuna tara kuɗi alhali wurin yana ƙara lotsawa kuma ya fara ja da baya, to siminti a mazubi, ko ma ragar taitaniyam a hannun likitan da ya saba da ita, ya fi wannan jira alheri nesa ba kusa ba. Ki tambayi likitan wanne ya fi yawan sawa, kuma me ya gani a marasa lafiyarsa bayan shekara biyu. Hannun da ya saba da abu yana rage lokacin tiyata, kuma tsawon tiyata kansa yana ƙara haɗarin cuta.

Idan bayan duk wannan likitansa ya duba guntayen ya ga manya ne, tsaftatattu, za su ɗauru da kyau, kuka zaɓi a mayar da nasa, ba ku yi ganganci ba, mutane da yawa suna zaune lafiya da irinsa. Sharaɗin shi ne kada ku ɓace bayan an cire zare. A riƙa duba shi aƙalla shekara biyu, a sake hoton CT idan an ji wurin yana motsi ko yana faɗawa. Kowanne aka sa kuma, idan kuka ga ɗinki yana tsatsafo da ruwa, ko wurin ya yi ja ya kumbura, ko zazzaɓi, ko jijjiga, ko barci mai nauyi da ba ku saba gani ba, ku koma asibiti a ranar, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.